Eh da A'a a Akwatin Baba Elijah

Wata uku ke nan da ɓarin jikin Baba Elijah ya shanye, magana ta ɗauke. Tsoron 'yarsa Miriam ɗaya ne: ko hankalinsa ma ya tafi tare da bakin? Likita ya ce sai an gwada a sani.

To Miriam dai malamar kwamfuta ce a makarantar sakandare, ba ta iya zaman jira ba. Ta samo 'yar kwamfuta wadda ba ta wuce tafin hannu ba, ta jona mata ƙaramin gilashi irin na waya, mai jin taɓawar yatsa. Gida biyu ta zana a kai, "Eh" a dama, "A'a" a hagu. Wanda aka taɓa, na'urar ta faɗe shi da muryar Miriam. Ta gwada, lafiya lau.

Malam Garba kafinta, maƙwabcinsu a Ƙofar Kaura, shi ya yi mata akwati. Bawan Allah sai ya kifa gilashin, ƙasa a sama, don a nan ya huda ramin wayar wuta. Miriam ba ta so ta ɓata masa rai, sai ta juya hoton daga cikin kwamfutar. Rubutu ya miƙe, ta ce shi ke nan.

Da hantsi ta durƙusa a gaban mahaifinta, ta riƙe akwatin a ƙirjinta, gilashin na kallonsa.

"Baba, ka gane ni? Ni ce Miriam."

Ya kai yatsansa kan gilashin. Na'urar ta ce, "A'a."

Sau uku tana tambaya, sau uku muryarta da kanta tana ce mata a'a. Wayyo! Ta ajiye akwatin a tabarma, ta koma bakin ƙofa tana kuka. Tsoho kuwa sai gurnani yake yi, yana dukan kujera, har ya kifar da kofin kunu.

Mama Kande, matarsa, ta shigo tana mita. "Ke da ubanki za ku kashe ni. Dubi yadda kuka ɓata abin!" Ta sa bakin zane tana goge kunun da ya fallatsa a kan "Eh".

Na'urar ta ce, "A'a."

Miriam ta ɗago. "Mama, ina kika taɓa?"

"Nan mana."

"A'a," in ji na'urar.

Kai, Miriam, da karatunki da komai! Hoton kawai ta juya, ta manta ɓangaren da ke jin yatsa yana nan a kife, dama ta zama hagu. Ta jawo madannan rubutu na kwamfuta, ta gyara layi ɗaya tak a umarnin na'urar, ta kashe ta kunna.

"Baba, ka gane ni?"

"Eh. Eh. Eh. Eh." Ya ƙi ɗage yatsan. Miriam ta kifa kai a gwiwarsa, tana dariya tana hawaye. Ashe tun ɗazu amsa mata yake yi.

Mama Kande ta matso, ta riƙe ƙugu. "To ni fa, Maigida? Ka san ni?"

Ya dube ta tsaf. Ya kai yatsa hagu a hankali.

"A'a."

Miriam ta zabura za ta sake duba na'urar. Uwar ta riƙe mata hannu, tana kallon rabin bakin tsohon da ke murmushi.

"Bar ta, lafiyarta ƙalau. Shekara arba'in yana tsokanata, ni ce ban san halinsa ba? Ubanki yana nan."