Abin da Samson Ya Daina Gani

Tanko yana aiki a sito na wani kamfanin jimar fata a Challawa. Ranar Lahadi, bayan an taso daga coci an ci abinci, yakan shiga gasar poka, wani wasan karta, a waya. Ma'aikata ne suka haɗa ta a tsakaninsu, daga Challawa da Sharaɗa da Bompai. Ba a sa kuɗi, tsabar wasa ce kawai ta cikin manhaja, wanda ya ci sai a yi ta kiransa sarki har sati ya zagayo.

Tanko ba mai sa'ar karta ba ne, amma ya iya karanta mutane. Ya san Anwar na Bompai in ya yi jinkiri kafin ya ƙara tsaba to burga ce, ba shi da komai. Ya san wata Kausar ta Sharaɗa ba ta shiga sai da manyan karta, kuma in ta shiga gara mutum ya ba ta hanya. Wanda ya fi sani duk cikinsu shi ne Samson, mutumin Pankshin, direban motar ɗaga kaya a kamfaninsu, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba kuma shi ya koya masa wasan. Samson mai haƙuri ne. Sai ya ajiye karta sau da yawa a jere bai damu ba, kuma ba ya taɓa ƙara tsaba sai ya duba abin da ke gaban waɗanda za su yi wasa bayansa.

Wata Lahadi suka faɗo tebur ɗaya, sai Tanko ya ga abin da bai gane ba. Samson ya daina ajiye karta. In ba ya son shiga, sai ya yi shiru har lokacinsa ya ƙare manhaja ta fitar da shi. Can kuma Kausar, wadda ke zaune ta hagunsa da tarin tsaba, ta ƙara, Samson ya zuba duk abin da yake da shi kamar ba ta nan. Da aka buɗe karta, ashe karta biyun farko da aka shimfiɗa a hagun tebur sun riga sun ba ta nasara a fili, ko sabon shiga zai gani. Tanko ya ɗauka wani ne ya karɓi wayar. Ya kira, Samson da kansa ya ɗauka, yana dariya, ya ce yau dai karta ta ƙi shi.

Lahadin da ta biyo baya aka maimaita. Tanko ya bar nasa wasan ya zuba masa ido. 'Yan damansa, Samson na karanta su sarai kamar da, har ya kama Anwar da burga. 'Yan hagu kuwa kamar an goge su. Tanko ya dubi fuskar wayarsa, ya ga maɓallin ajiye karta ma a hagu yake.

Washegari, lokacin hutun rana, Tanko ya sami Samson a rumfar mai shinkafa da wake da ke ƙofar kamfani. Samson na nan lafiya lau, yana ba da labarin ƙwallo. Tanko ya zagaya ta hagunsa ya tsaya, ya ɗaga hannu daidai kunnensa, ya kaɗa. Samson bai ko ƙifta ba. Ya matso da hannun har ya kusa taɓa masa kumatu, mutumin yana ta cin abincinsa. Mai shinkafa ta tsaya da ludayi a hannu tana kallonsu. Sai da Tanko ya yi magana sannan Samson ya zabura ya juyo gaba ɗaya.

"Yaushe ka zo?"

"Yaya, tun ɗazu nake nan. Kada ka hau motar nan yau."

Samson ya ce wasa yake yi. Da Tanko ya gaya masa abin da ya gani a gasar, sai ransa ya ɓaci. Ya ce don mutum ya faɗi a karta shi ne za a ce ya makance, ga idonsa biyu garau, yana ganin har lambar tirelar da ke tsallaken titi. Ya tashi ya nufi motar. Tanko ya tuna yadda mata masu shanya fata ke bi ta gefen hanyar motar da kaya a ka. Bai bi shi ba, ya wuce ofishin Malam Muhammad Nazir, shugaban sashensu, ya faɗa masa komai, ya roƙe shi ya gwada da kansa. Malam Nazir ya fito ya tsaya a hagun motar yana ɗaga jar hula. Samson ya wuce shi da lodin fata, saura ƙiris ya taka masa ƙafa. Nan take aka kashe motar aka karɓi makulli.

A asibiti, Dabora matar Samson ta iso daga Panshekara ko ɗankwali ba ta ɗaura daidai ba. Likita ta miƙa wa Samson biro ta ce ya zana agogo. Ya zana da'ira, ya cusa lambobin duka a ɓarin dama, ya bar hagu fayau, ya miƙa mata yana jiran a ce ya yi daidai. Dabora ta toshe baki da hannu. Ta ce kwanakin nan yana barin rabin tuwo a kwano, ita kuma tana ta fushi a ranta, ta zaci girkinta ne ya daina yi masa daɗi.

"Baban Ladidi, me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Me zan faɗa? Ni ban ga abin da ya ɓace ba."

Likita ta ce hawan jini ne ya taɓa wata jijiya a ƙwaƙwalwarsa. Idon lafiyarsa ƙalau, ƙwaƙwalwar ce ta daina lura da wannan ɓarin, kuma da an ƙara jinkiri wani bugun mai tsanani na iya biyo baya. Samson ya riƙe takardar yana juya ta. Sai da Dabora ta karkatar masa da kai sannan ya ga farin wurin da ya bari.

Ya yi jinya, aka ɗora shi a kan magani. Da ya dawo ba a mayar masa da makulli ba, aka ba shi kujera a sito, yana duba fatun da ke shigowa. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, don yana alfahari da tuƙinsa. Ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Tanko sai da ka, ko da yake a ɗaki ɗaya suke wuni. Dabora ce ke aiko wa Tanko da gwate, faten garinsu, a kula lokaci lokaci, ta ce ya yi haƙuri da yayansa. Sai wajen Kirsimeti Samson ya fara yi masa magana, ita ma a kan aiki.