Lambata a Hannun Fien

...kuma duk kayan sun rine, sun koma ja-ja. Haka na fara ganinka, Wannes. Tsaye gaban injin wanki na huɗu, riƙe da 'yar rigar da a da fara ce, kana kallonta kamar ta zage ka. Ni ina bayan kanta da littafin da wani ya manta a shagon wankin da nake aiki — rabin karatuna daga abin da mutane suka manta na yi shi. Ka ce, "Malama, wannan yana gyaruwa?" Na ce ba ya gyaruwa. Ka yi dariya. Daga baya na san matarka ce mai raba farare da masu launi, kuma shekara guda ke nan da rasuwarta.

Yanzu ga ni a rairayin bakin tekun Oostduinkerke, layi ɗaya nake karantawa tun ɗazu. Yashi a shafi, yashi a haƙori. Ka tafi da ɗanka Tuur neman banɗaki, ka bar ni da 'yarka Fien, da tambayar da ka yi mini a taragon jirgin ƙasa da safe: "Nele, ki dawo gidanmu da zama mana." A gaban yara! Tuur yana lasar gilashin taga. Na ce, "Duba, teku." Ita ce amsata... teku.

Ni da ban taɓa cika shekara biyu a ɗaki ɗaya ba. Na bar makaranta, na bar gidan burodi, na bar garin Gent. Ko littafi, in ya kusa ƙarewa sai in ajiye. Ka san wannan? Mahaifiyata ma cewa ta yi za ta shiga kanti, ba ta dawo ba — ina da shekara shida, kamar Fien. Jini ba ya ƙarya, in ji kakata.

Da hantsi mun je kallon masu kama jatan lande a kan dawaki. Manyan dawaki, ruwa har ƙirjinsu, mahaya cikin rigunan ruwa masu launin ɗorawa. Tuur ya tsorata, ya ƙanƙame wuyana. Nawa, ba naka ba. Me ya sa abin ya tsorata ni fiye da shi?

Sai awarwaron roba. Masu ceto na bakin tekun sun ba kowane yaro ɗaya, mai hoton ayaba, daidai da ayabar da ke saman dogon ƙarfen da muka zauna kusa da shi, don in yaro ya ɓace a san wurinsa. Wayarka Tuur ya yi mata wanka a bokiti. Ka miƙo mini biro: "Rubuta lambar taki a awarwaron." Kamar ba komai ba. Hannun Fien siriri, yana ƙamshin man kariyar rana. Na rubuta. Ta tsura wa lambobin ido...

Fien. Ina Fien?

Bokitinta ga shi. Ramin da take tonawa ga shi. Yara ko'ina, duk hula iri ɗaya — ruwa yana dawowa, tun yaushe ya matso haka? Layi ɗaya kawai na karanta, Wannes, wallahi layi ɗaya — wace hanya, ruwa ko titi —

Waya. A jakata, ƙarƙashin tawul, ƙarƙashin ragowar soyayyen dankali.

Muryar mace, tana danne dariya. "Malama, akwai wata baiwar Allah a nan, wai ta ɓace. Amma ita ce ke nuna mini ke da yatsa."

Na juya. Taku talatin. Ƙarƙashin ayabar, kusa da kujerar masu ceto, hannu a ƙugu. Ba hawaye ko ɗigo.

Gwiwoyina a yashi. Yaushe na iso? Ina so in girgiza ta, ina so in haɗiye ta.

"Kin daɗe," ta ce. "Na ƙirga har sha tara."

"Ja'ira. Me ya sa?"

"Gwadawa nake yi." Tana murza awarwaron. "Baba ya ce ranar Lahadi za a yanke shi da almakashi. In an yanke, lambar tana aiki?"

Ta ji, ashe. A tarago. Ta ji tambayar, ta ji na ce teku.

Ga ka can kana tahowa, Tuur a kafaɗa, takalmi ɗaya a hannu, ba ka san komai ba. Har yanzu ina iya cewa, zo mu sayi askirim. Na iya irin wannan amsar, gado na yi. Ni ma na taɓa ƙirgawa a ƙofar kanti — har nawa? Ban tuna inda na tsaya ba.

Na gaji, Wannes. Na gaji da ajiye littafi saura shafi uku.

 Muryar da ta fito ƙarama ce, amma ta fito.

"Tana aiki, Fien. Ko an yanke. Kuma ba sai kin kira ba — ina ɗakin da ke kusa da naki."