Kalmar da Ke Cikin Wasiƙar Chamsia

Shekara goma sha ɗaya Malam Maliki ya yi yana koyar da Turanci a Gusau kafin zama ya gagara ya tsallako hamada zuwa birnin Sabha. Yanzu tayil yake shimfiɗawa a gidajen unguwar Sukra, gwiwoyinsa duk sun yi kanta. Amma duk Bahaushen da takardar Turanci ta sha wa kai, wurinsa ake turo shi.

Wata rana da rana ta take, ya jingina da bango ke nan zai ci burodi, sai ga Housseina, 'yar Damagaram da ke dafa wa leburori abinci. 'Yarta Chamsia na fama da ciwon zuciya, kuma wata ƙungiyar agaji ta yi alkawarin kai ta waje a yi mata aiki. Wata bakwai suna jira, sai yau saƙo ya shigo.

"Malam, don Allah duba mini," ta ce, tana miƙa masa wayar da hannu biyu.

Ya goge siminti a wando ya karɓa. Layi uku ne kawai. Ya gane komai sai kalma ɗaya, wadda kuma duk maganar a kanta ta rataya: an ce batun yarinyar yana cikin abeyance. Ya maimaita ta a baki sau biyu. Ya san ya taɓa gamuwa da ita tun yana kwaleji, amma ma'anar ta gudu.

"Sun ƙi ne?"

"Dakata tukuna, Maman Chamsia."

Ya buɗe ƙamus a tasa wayar mai fasasshen gilashi. Fassarar ba ta gamsar da shi ba, sai ya gangara wurin misalan jimloli, kamar yadda yake sa ɗalibansa su yi a da. Wata jimla ta ce an jingine shari'ar gona har shaidu su zo. Wata ta ce an dakatar da ginin gada sai bayan zaɓe. Ta ƙarshe kuwa wata sarauta ce a ƙasar Turawa da ta zauna haka nan shekara ɗari biyu ba a naɗa kowa ba. Ya kife wayar a cinyarsa. Wannan ba zai karanta mata ba.

"Ba su ƙi ba, ba su kuma amsa ba," ya ce. "Sun ajiye maganar a gefe."

"Har yaushe?"

"Kalmar ba ta faɗin yaushe."

Housseina ta zauna a kan buhun siminti, abin da ba ta taɓa yi a gaban maza ba. Ba ta yi kuka ba, sai murza idon sawunta da ya kumbura take yi.

"Jiya yarinyar ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa ba sai da ta huta," ta ce.

Maliki ya rubuta wa ƙungiyar amsa da Turancinsa mafi kyau, ya faɗi yadda leɓɓan yarinyar ke yin baƙi in ta yi tafiya, ya roƙi a sa rana. Sau uku yana gogewa yana gyarawa, har mai gidan da yake wa aiki ya leƙo yana tafa hannu a koma bakin aiki.

Bayan sati biyar aka kira Housseina da 'yarta gwaji a Tarabulus, gwaji kawai, ba aikin ba. Wani direba, Oumar, ya ba su kujerar gaba. Da asuba Maliki ya raka su tasha, ya ɗora musu jakar, sannan ya kama hanyar Sukra a ƙafa, don akwai falo guda da ke jiransa.