Batiran Motar Nagoggo

A shekarun da aka fara shari'ar Musulunci a jiharmu, ni ce mai buga takardu a ofishin Alhaji Abu, can bakin iyakar Jibiya. Aikinmu shirya wa manyan motoci takardun ƙetarawa zuwa Maraɗi. Sunan kowane direba, lambar motarsa, kayan da ya ɗauko, duk suna cikin wata babbar kwamfuta da ke ɗakin baya, wadda ake kira saba. Namu na kan tebur ba su da komai a ciki, ita suke tambaya ta waya ta ba su.

Mai kula da ita Rachael ce, 'yar wani manomi daga Bugaje, Kirista. Alhaji ya ɗauke ta ne kan dole, don bai sami wani da ya yarda ya zauna Jibiya ba, kuma bai taɓa ɓoye mata haka ba. Ni kaina da farko haushinta nake ji. Mace ba ta hira, sai bin wayoyi a ƙarƙashin tebura kamar ta yar da allura.

Tsohuwar sabar ta fara ciwo. Faifan cikinta yana wani ƙas-ƙas, kuma Rachael ta ce duk ranar da ya tsaya da juyawa, da wuya ya sake tashi. Sai da ta yi ta naci kafin Alhaji ya sayo sabuwa daga Kano. Ta ɗora mata sabuwar manhaja, ta buɗe wa kowannenmu suna da kalmar sirri, ta gwada wayoyin. Saura abu ɗaya, kwashe bayanan daga tsohuwa zuwa sabuwa, kuma dole a yi shi lokacin da babu mai taɓa kwamfuta. Ta zaɓi lokacin sallar Juma'a.

Alhaji yana saɓa babbar riga zai fita ya ce mata, "In takarda ɗaya ta ɓace, ki tattara ki koma Bugaje." Ba da wasa ya faɗa ba.

Akwai wata al'ada a ofishinmu. Masallacin Juma'a yana kusa, sahu kan fito har ya zo jikin rumfar janaretanmu. Saboda haka da liman ya hau mumbari, Rabe mai kula da janareta yakan kashe shi, ya rataye makulli a ƙusa, ya shiga sahu. Wutar gari kuwa mun manta kamanninta. Rachael ta san da wannan. Akwai akwatin ajiyar wuta mai batira a ɗakin baya, kowace Juma'a shi ke riƙe saba har a idar. Abin da ya shige mata shi ne, akwatin ya saba ciyar da saba ɗaya ce, yau kuwa biyu ne a kansa, kuma sabuwar ta fi tsohuwar ci.

Ina tsakiyar cin tuwona na ji akwatin ya fara kuka, ƙit, ƙit. Na leƙa na ga Rachael tsaye, gumi har wuya.

"Safiyatu, wutar ba za ta kai ba," ta ce. "Ko rabi ba a kwashe ba."

"To ki dakata mana, a ci gaba in an sauko."

"In wuta ta yanke, tsohon faifan ya tsaya. In ya tsaya, shi ke nan."

Ta bi ɗakin tana zare duk abin da ke shan wuta. Ta cire fanka, ta cire na'urar buga takardu, har allon da take ganin aikin a kansa ta cire. Muka rage a cikin zafi, ba ma ganin komai sai 'yan fitilu suna ƙiftawa. Ta lasifika kuwa liman ko alamar saukowa bai yi ba. Ranar ce ya ga damar yin bayani a kan awo da mudu tun daga farko.

Ta fita, na bi ta. Rabe yana sahun ƙarshe, bayansa kusan jingine da rumfar janareta. Ta tsaya nesa ta ɗaga masa hannu. Ya gan ta, na tabbata ya gan ta, amma ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba. Mai sauraron huɗuba ba ya magana, ko shiru ya ce wa wani ya taɓa ladan Juma'arsa.

Makullin yana nan a ƙusa. Ta iya tada janaretan, na sha ganin ta yi. Ta kai hannu ta riƙe makullin. Janaretan nan in ya tashi har tasha ana jin sa, ga hayaƙinsa kai tsaye cikin sahu zai shiga. A shekarun nan kuwa ƙaramin abu ya isa ya tada gari, balle a ce Kirista ta tada inji a kan huɗuba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga ta saki makullin da kanta.

"Ɗauko baro," ta ce.

A bayan ofis akwai babbar motar Nagoggo, direban Maraɗi, cike da buhunan masara tana jiran takarda. Batira biyu ne a gefenta, manya. Rachael ta ɗauko sifana ta durƙusa.

"Kin haukace?" na ce. "Kayan mutum ne, yana salla! Kin san abin da ake yi wa ɓarawo yanzu?"

"Na sani. Riƙe nan."

Wallahi na so in koma in ƙarasa tuwona. Amma na riƙe. Batirin nan nauyinsa kamar buhun gishiri, da ƙyar muka cicciɓa shi cikin baro, ruwansa ya zubo mata a zane. Muka tura, ƙafar baron tana ƙugi, ni ina ta addu'a kada wani ya waiwayo. Muka koma muka ɗauko na biyu. Lokacin da muka shiga ɗakin baya, kukan akwatin ya zama ɗaya miƙaƙƙe, ba ya ko tsayawa. Ta haɗa batiran biyu da waya mai kauri, ta duba jan kai da baƙi har sau biyu. Ta manna. Wuta ta yi tartsatsi, na yi ihu. Kukan ya koma ƙit, ƙit, a hankali. Fitilun suna nan suna ƙiftawa.

Muka zauna a ƙasa. Muna jin aka tada salla, muna jin aka sallame.

Sai muryar Nagoggo ta tashi daga bayan ofis. "Wa yac cire mani batir? Jama'a, an yi mani sata ina salla!"

Ihunsa ya zo daidai lokacin da dukan Jibiya take kan titi. Kafin ka ce me, an cika bayan ofis, kuma sawun baro ya kawo su har ƙofarmu. Rachael ta miƙe ta tsaya a bakin ɗakin, sifana har yanzu a hannunta, wawuya, ta manta ta ajiye. Wani daga baya ya ce, "Ai wagga ba ta salla, ita ta ɗauka." Wani ya ce a kira 'yan hisba. Na ga fuskoki da na sani, mutanen da nake buga wa takarda kullum, sun zama wasu daban. Tsoro ya kama ni sosai, amma haushi ya fi shi.

Na shiga gabanta na ce, "Ni na tura baron. In kira za a yi, a kira mana mu biyu."

Alhaji Abu ya kutso, ya dubi batiran, ya dubi Rachael, fuskarsa ta yi baƙi. Kafin ya yi magana Nagoggo ya riga shi. Dogon mutum ne, muryarsa kamar hon ɗin motarsa.

"Ke, mi na yi maki?"

"Ba ka yi mani komai ba. Wuta ta kusa yankewa, takardunku duka suna ciki. Aro na yi, ban sami wanda zan tambaya ba."

Ya waiga ya nuna rumfa. "Ga inji can, ga makulli rataye. Ba ki iya tada shi ba?"

"Na iya."

"To don mi ba ki tada ba, kika zo ga motata?"

"Kuna jin huɗuba," ta ce.

Mai cewa a kira hisba ya shiga gyara hularsa. Rabe ya juya ya nufi rumfa, jim kaɗan janareta ya ɗauka.

Rachael ta mayar da wayar allon da ta na'urar buga takardu, mutane cike da ƙofa suna leƙe, yawancinsu ba su san abin da suke kallo ba. Allon ya kawo haske. Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta dafa tebur. An gama kwashewa. Ta ce in je teburina in gwada. Na shiga da sabon sunana, na nemi motar Nagoggo, ga ta nan, masara da lamba da komai. Na buga takardarsa na miƙa masa.

Ya karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Rachael ta jawo baro za ta mayar masa da batiran, ya dakatar da ita da hannu.

"Bari, ɗiyata. Ni ka ɗauka." Ya sunkuya ya rungumi ɗaya shi kaɗai, ya dubi Alhaji. "Alhaji, ka saya mata nata. Ba kowace Juma'a nike nan ba."

Alhaji bai sake maganar Bugaje ba. Da aka watse Rachael ta kashe tsohuwar sabar, ta gwada kunna ta don ta gani. Faifan ya yi ƙas sau ɗaya, bai sake juyawa ba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta zauna a kan baron ta fashe da kuka. Sai a lokacin na lura ruwan batir ya cinye gaban zanenta, duk ya huhhuje. Na kwance mayafina na ba ta ta ɗaura.