Silimela Ɗaya Tsakaninsu

"Ɗan ƙara jawo ni bakin ƙofa," in ji tsoho Zwelandile, wanda ake kira Tata, wato baba. "Shingen garke ya tare mini gabas."

Nofezile ta jawo shi har da kujerar, don ba wani nauyi da ya rage masa. Tun kamawar sanyi, kullum kafin zakara ya yi cara take tsallakowa gidan maƙwabcin nata, ta naɗe shi da bargo, su zauna jiran Silimela, taurarin nan da ke fitowa a cure kamar kaza da 'ya'yanta. A ƙauyensu namiji ba ya ƙirga girmansa daga haihuwa. Daga kaciya yake farawa, duk fitowar Silimela ya ƙara ɗaya.

Rana ɗaya aka yi musu kaciya shi da Dumile, mijinta. Dumile ya ga ta bara, sannan ya rasu. Kunnen doki ke nan, kuma abin ya tsaya wa tsohon a rai fiye da ciwon da ke cin ƙirjinsa.

"In na ga ta bana na girme shi. Ina isa can, shi zai cire hula ya gaishe ni."

"Wato ni zan taya ka ka wuce mijina?"

"Kin gama goya masa baya ko ba shi da gaskiya. Yau layina ne."

Hazo na kwance a kwari, bukkoki kamar suna iyo a kansa. Can sai ya ɗaga yatsa. "Ga ta."

Ta duba. Zara ce, ita kaɗai, tana haske bisa tudu. Tausayi ya kama Nofezile, ta ji numfashinsa na fita da ƙyar, saura ƙiris ta ce masa eh. Amma ta san Dumile. Ko a dara ba a yi masa maguɗi, balle a can inda babu abin da ke ɓoyuwa.

"Zara ce, Tata. Yi haƙuri."

"Ko ita Zarar ma ta san ni," ya ce, ya sauke hannun.

Suka ci gaba da jira. Ta fara gyangyaɗi, har ta ga kamar Dumile na jingine da ƙofar garke yana cusa taba a lofe. Da ta buɗe ido sai ga taurarin Silimela, ƙasa ƙasa, dishi-dishi, gabas ta fara ja a bayansu. Ta nuna wa tsohon. Ya zuba ido har hawaye suka zubo.

"Ba na ganin komai, Nofezile."

Ta kama haɓarsa ta ɗan karkatar. "Kada ka tsura musu ido, kunya gare su. Kalli gefe, kamar mai satar kallon budurwa."

Ya daɗe a haka. Sannan bakinsa ya buɗe a hankali.

"Ga su nan. Sai ka ce tsaba aka watsa." Ya nisa. "Wa ya koya miki wannan dabarar?"

"Ƙaninka, Dumile."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a ba shi shayi mai sukari da yawa, yau babba ne.

Da ta dawo da kofin, gari ya waye, taurarin sun ɓace. Yana nan yadda ta bar shi, kansa a karkace, idonsa a gefe, ƙirjinsa ya daina motsi. Ta ajiye shayin kusa da ƙafarsa, ta gyara masa hular ta zauna daidai. Tururi na tashi daga kofin, iska na kaɗa shi wajen garke.