Taron Mutum Biyu a Treichville

A shekarar 1998 Dakta Ni'ima Zakari ta dawo Abidjan bayan ta ƙware a fannin cututtukan da ake gada daga iyaye. Marasa lafiya ba sa yanke mata, amma ba ta da abokin shawara. Idan wani ciwo ya shige mata duhu, sai dai ta zauna ita kaɗai tana juya takardu.

Da abin ya ishe ta, sai ta aika wa likitoci talatin wasiƙa, ta gayyace su a kafa ƙungiya. Ta kama ɗakin taro kusa da babban masallacin unguwar Treichville. Ranar Asabar ɗin taron ta zauna tun hantsi har aka kira la'asar, ko mutum ɗaya bai leƙo ba.

Tana haɗa kayanta wani dattijo ya yi sallama. Dakta Badaruddeen ne, likitan yara daga Bouaké. Ya miƙa mata hotunan yara uku 'yan gida ɗaya.

"Shekara shida ina duba su, 'yata, ban san sunan ciwonsu ba."

Ta daɗe tana kallo. "Ni ma ban sani ba, Baba. Amma bar mini, mu nema tare."

Suka rubuta sunayensu a rajistar ƙungiyar, ta raka shi tashar mota a Adjamé.

A gida mahaifiyarta ta tambaya, "An taru kuwa?"

"Mu biyu ne, Inna," in ji ta, ta wuce ɗaki da hotunan.