Wanda Ya Rage a Cikin Ruwa

Tankin da ake yi wa mutane baftisma a majami'ar nan, Mai Walda ne ya ƙera shi da hannunsa. Ƙarfe ne mai kauri, zurfinsa ya kai ƙirjin babban mutum, da matakala uku a ciki da abin dafawa a gefe. Tun da ciwon baya ya kama Baba Fasto, har ya zama ko igiyar takalminsa ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura, aikin ya rabu gida biyu: tsohon ya tsaya a bakin tanki ya faɗi kalmomin, Mai Walda ya shiga ruwa ya nutsar da mutum ya ɗago shi. Shekara shida yana wannan aiki, bai taɓa bari ko mutum ɗaya ya shaƙi ruwa ba. Hannu gare shi kamar shebur. Tsofaffin mata sukan ce in dai shi ne a ciki, ko teku ce sai su shiga.

Ranar Laraba aka kawo masa jerin waɗanda za a yi wa baftisma ran Lahadi. Mutum bakwai ne. Yana kaiwa kan na bakwai ya dunƙule takardar ya jefa ta cikin tarin ƙarafa. Dogo ne.

Dogon nan mijin ƙanwarsa ne, ko kuwa a ce tsohon mijinta. Auta ita kaɗai ta rage wa Mai Walda bayan rasuwar iyayensu. Shi ya rene ta, shi ya kai ta koyon ɗinki, shi kuma ya ɗauke ta ya ba wa Dogo direba, yana ta washe baki wai ya samu suruki mai ladabi. Shekara huɗu da suka wuce, da rana tsaka, Dogo ya dawo gida a buge, ya shaƙe ta a bakin matakalar bene saboda ta tambaye shi inda ya kwana, sannan ya hankaɗa ta. Tana da cikin wata biyar. Cikin ya zube, ƙashin ƙugunta kuma bai koma daidai ba har yau. Aka yanke wa Dogo shekara uku. Can a gidan yari wai ya sadu da Almasihu, ya fito bara, ya dinga zama a bencin ƙarshe na majami'a, kansa a ƙasa kamar kazar da ruwa ya daka.

Shekara uku! Mai Walda ya sha maimaita wannan a ransa yana dukan ƙarfe. Ko ƙofar gida in ya ƙera ta fi haka daɗewa.

Washegari yana cikin aiki a shago, tartsatsin wuta na tashi, ya ga inuwa doguwa ta tsaya masa a ƙofa. Ya ɗage gilashin walda. Dogo ne, ya rame, riga ta yi masa yawa, hularsa a hannu.

"Sannu da aiki, Yaya."

"Uwarmu biyu ta haifa, ba ka ciki. Kada ka ƙara kira na haka."

"Ka yi haƙuri. Ba wani abu na zo nema ba. Na zo ne in faɗa da bakina, a gabanka, cewa abin da na yi mugunta ce. Ba giya ba ce, ni ne." Tari ya sarƙe shi, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, sai da ya dafa bango. "Ubangiji ya yafe mini, ban kuma cancanta ba."

"Ya yafe maka?" Mai Walda ya ajiye guduma a hankali, don bai yarda da hannunsa ba. "To shi ka hankaɗo daga bene?"

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Tuban muzuru ke nan, kaza a baki. Ka sa farar riga, a tsoma ka, a tafa maka, ka fito fes. Ita fa? Wane ruwa za a tsoma ta ƙafarta ta miƙe?"

"Babu," in ji Dogo. "Na sani." Ya juya hular a hannunsa. "Baba Fasto ya so ya sa wani ya shiga ruwan a madadinka. Ni na roƙe shi kada a canja."

Ya tafi yana tari. Mai Walda ya bi bayansa da kallo, ya yi ƙwafa. Ya ɗauko ƙarfen da ya yi jawur ya tsoma a duron ruwa, ya ji shi yana kuka a ciki, bai ɗago shi ba sai da kukan ya mutu. A nan ne dabarar ta zo masa, ba ta ko yi sallama ba.

Ya san tankinsa. Bangon yana da tsayi, masu zama a benci kafaɗunsa kawai suke hangowa. Ya san mawaƙa, da an nutsar da mutum suke ɓarkewa da waƙa da ganga, ko ihu aka yi ba mai ji. Ga kuma ƙirjin nan da ya ruɓe. Bai ce wa kansa kisa zai yi ba, ai ko ɓarawo yana da sunan da yake kiran sana'arsa. Cewa ya yi so yake Dogo ya ɗanɗana. Ya yi shure-shure, ya yakushi hannun da ya danne shi, ya nemi numfashi ya rasa, kamar yadda Auta ta nema. In ƙirjin ya gaza a hanya, to wannan kuma tsakaninsa da Mai yafewar. Da yamma ya rufe shago, ya tsoma kansa a duron yana ƙirge. Shi da yake ƙato mai lafiya, a arba'in ya ɗago yana haki. Ya yanke wa Dogo talatin. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Ran Asabar ya biya shagon Auta. Tana zaune a kan keken ɗinkin da ya sa wa inji tun da ƙafarta ta daina iya takawa, sandar da ya ƙera mata tana jingine a bango. Fararen riguna shida suna rataye. Ta bakwai tana kan keke, doguwa, har tana jan ƙasa.

"Wannan ta wa ce?"

"Ka sani, Yaya. Ikilisiya ta ba ni ɗinkin bakwai, bakwai zan ɗinka."

"Ke ko zuciya ba ki da ita? Mutumin da ya mai da ke haka?"

Ta tsai da keken. "Ya mai da ni yaya? Faɗi mana."

Ya kai idonsa kan ƙafarta.

"Yafewa na yi, ban ce zan koma ba. Ko bakin ƙofar nan bai isa ya taka ba, shi ma ya sani. Amma na gaji da kwana da shi a raina, na tashi da shi. Na sauke." Ta gyara zaman rigar. "Kai kuwa shekara huɗu rabon da ka dubi fuskata. Da ka shigo, ƙafar kake dubawa. Sandar nan ma kowace shekara sai ka ƙara mata ƙarfe, yanzu ta fi ƙafar nauyi."

Ta yi dariya don ya yi, bai yi ba. Maganar ta soke shi, amma maimakon ta huce shi sai ta ƙara masa wuta. Wato har ƙanwarsa Dogo ya raba shi da ita. Ya fita ya je majami'a, ya buɗe famfo, ya tsaya a kan tankin har ya cika.

Ran Lahadi wuri ya cika maƙil. Mai Walda ya shiga ruwa, sanyinsa ya kama shi har ƙirji. Baba Fasto ya dafa bakin tanki, ya dubi mutum bakwai ɗin da ke tsaye cikin fararen riguna.

"Ruwan nan kabari ne," in ji shi. "Tsohon mutum ake binnewa a ciki, sabo ya fito. Ba da kuɗinku ba, ba da halinku ba, alheri ne kawai. Amma ku ji ni da kyau. Wanda aka kwance wa sarƙa ba ya komawa ya ce a ba shi ita ya yi ado. An 'yanta ku ne domin ku bar zunubi, ba domin ku sami sararin yinsa ba."

Mai Walda ya gyaɗa kai, yana ganin da Dogo ake.

Shida suka wuce lami lafiya. Kowa ya gangaro, Mai Walda yakan faɗa masa abu ɗaya a kunne: toshe hancinka da hannu ɗaya, ɗayan ka riƙe wuyan hannuna kam, kada ka saki. Ana nutsarwa, waƙa ta tashi, ana ɗagowa, matan zumunta su miƙa tawul.

Dogo ya gangaro matakala yana rawar sanyi. Mai Walda bai faɗa masa komai ba. Ya sa hannun dama a ƙeyarsa, na hagu a ƙirjinsa, ya ji ƙasusuwa a ƙarƙashin rigar da Auta ta ɗinka. Dogo ya kama wuyan hannunsa.

"Da sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki."

Mai Walda ya danna shi ƙasa. Ganga ta ɗauka.

Ɗaya, biyu, uku. Nan ake ɗagowa. Bai ɗago ba. Hannunsa na hagu ya zame daga ƙirji ya koma maƙogwaro. Wani daɗi ya ratsa shi, irin wanda ya shekara huɗu yana jira, ya ce a ransa, to yanzu kira Mai yafe maka ya zo. Takwas, tara, goma. Yana jiran shure-shuren. Yana jiran farce a fatarsa.

A sha biyu Dogo ya buɗe ido a ƙarƙashin ruwa, ya dube shi. Ya gane. Sai ya saki wuyan hannun da ya riƙe, ya bar hannayensa suka faɗi a gefe.

Wannan ba ya cikin lissafi. Mai Walda ya ƙara dannawa, haushi ya turnuƙe shi. Yi kokawa mana, ɗan banza! Sha bakwai, sha takwas. Kumfa ta fara fitowa daga bakin Dogo, ƙirjinsa yana fizga da kansa, amma hannayen ba su taso ba. Mawaƙa sun kai ƙarshen baiti, ba su ga an ɗago ba, suka sake ɗaukowa daga farko. Baba Fasto ya fara kiran sunansa a hankali.

Ashirin da biyu. Ya duba ƙasa don ya more ganin fuskar, sai idonsa ya faɗa a kan hannunsa. Ƙaton hannu a wuyan wanda ba ya ramawa. Ya san wannan hoton. Shekara huɗu yana ganinsa a ransa, a bakin matakalar bene, kullum da fuskar Dogo a saman hannun. Yau ruwan yana nuna masa fuskar da ke sama, tana rawa, haƙora a waje, ba kuwa ta Dogo ba ce. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba tun da yake.

Ya fizgo shi sama da ƙarfin da sai da ruwa ya fantsama har kan mawaƙa.

Dogo ya fito yana tari, yana aman ruwa, yana jan numfashi kamar tsohon inji. Jama'a suka ɗauki tafi da guɗa, a zatonsu Ruhu ne ya sauko da ƙarfi. Maza biyu suka kama shi suka haura da shi. A matakala ta ƙarshe ya waiwayo, sannan suka fitar da shi. Baba Fasto kuwa bai tafa ba. Ya dubi Mai Walda, ido cikin ido, ya daɗe, sannan ya juya ya sa aka yi addu'ar rufewa.

Mutane suka watse zuwa waje ana gaishe-gaishe. Mai Walda yana nan tsaye a ruwa har ƙirji. Matakala uku ce, shi ya auna ta, shi ya ƙera ta, amma bai hau ba. Ba wai ya huce ba ne, har yanzu in ya tuna cikin nan na wata biyar zuciyarsa tafasa take. Sai dai yanzu ya san a kan wa Baba Fasto ya yi maganar sarƙa, kunya kuma ta rufe shi har ya rasa inda zai sa hannayensa.

Ya ji ƙarar sanda a kan siminti, ƙwas, ƙwas, tana matsowa. Auta ta tsaya a bakin tanki da tawul na ƙarshe a kafaɗarta. Tana cikin matan da ke tsaye kusa, ta ga komai. Idanunta sun yi ja.

Ya ɗaga kai. Wannan karon fuskarta ya duba.

"Na kusa, Auta," ya ce. "Saura kaɗan."

"Na gani." Ta jingine sandar, ta dafa ƙarfen gefe, ta miƙa masa hannu. "Fito, Yaya. Shi an sake shi tun bara. Kai ne ka rage."